Goron Yaya Haladu da Ruwan da Ya Ratsa Jami'a

Bana shekara goma sha biyu ke nan da muka kai yayana, Malam Haladu, makwancinsa. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Ba sananne ba ne da masu karanta jarida za su ce sun taɓa jin sunansa. Manomin rani ne kamar sauran manoman da ke tsakanin Kura da Bunkure, mai kaushin ƙafa da ƙarfin murya. Amma duk wanda ya yi karatu a 'yar jami'ar nan da ke bayan garinmu lokacin da yake raye, in ka ce masa "Baba Mai Goro", sai ya yi murmushi tukuna kafin ya yi masa addu'a. Ni ƙaninsa ne, uwa ɗaya uba ɗaya, sunana Isiyaku. Karatuna na boko bai yi nisa ba, saboda haka masu ilimi su yi mini afuwa in na yi tuntuɓe. Na ga waɗanda suka san farkon makarantar nan suna ta ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa na ce bari in rubuta abin da idona ya gani.

Yau in ka bar babban titi ka karya kwana, za ka tarar da ƙofa mai fenti, da masu gadi cikin kaki, da 'yan adaidaita sahu a jere suna kiran fasinja. Baƙo jami'a yake gani. Mu gonar gero muke gani. Gonar babanmu ce, tun daga gindin tsamiyar da yanzu take gaban ofishin shugaban jami'a har zuwa inda aka gina ɗakin kwanan 'yan mata. Muna samari aka kawo ruwan madatsar Tiga ƙasarmu. Muka ga manyan motoci suna yanka ƙasa, aka shimfiɗa babbar hanyar ruwa da siminti, wadda muke kira kanal, aka fitar mata da rassa na ƙasa zalla zuwa gonaki. Kafin wannan, da kaka ta wuce sai gari ya watse, maza su tafi cin rani. Da ruwa ya zo, sai ga alkama da tumatir a watannin da a da ko ciyawa ba ta fitowa. Ɗaya daga cikin rassan nan shi ne ya ratsa tsakiyar gonarmu, ya wuce ya shayar da ƙauyukan da ke can ƙasa. Mutanen wutsiya muke ce musu, don su ruwa ke isar wa a ƙarshe.

Da rumfa makarantar ta fara. Rumfar kwano ce guda da 'yan bencina, inda malaman gona ke tara mu su nuna mana yadda ake jan fangali, wato 'yan kwamin ban ruwa, da yadda ake zuba takin zamani ba tare da an ƙone shuka ba. Ƙararrawarsu wani tsohon faifan garmar tarakta ne da aka rataye a jikin darbejiya, ana dukansa da ƙarfe. Bayan 'yan shekaru aka ce za a mai da wurin makarantar horar da malaman gona, ana bukatar fili. Aka taru a ƙofar gidan dagaci. A nan ne ni da Yaya muka raba hanya.

Ni na ce ban yarda ba. Na ce ƙasa ba ta haihuwa, in ka ba da ita ta tafi ke nan, kuma 'yan boko in suka sa ƙafa ɗaya yau, gobe da katanga za su tashe ka. Yaya ya ce shi ya gaji da ganin yaran garinmu suna gama firamare su koma dakon kwandon tumatir, alhali malamin da ke koya mana noman ƙasarmu daga wata jiha aka kawo shi. Shi ne babba, dattawa suka bi bayansa, aka musanya mana da wani fili a gefen hanyar Madobi wanda ruwa ba ya kaiwa sosai. Sharaɗi ɗaya kawai ya kafa, a gaban dagaci da liman da jami'an gwamnati: reshen ruwan da ya ratsa gonar ba za a toshe shi ba ko me aka gina, domin tuwon mutanen wutsiya a cikinsa yake. Suka ce sun ji, sun yarda. A zamanin in aka faɗi magana a gaban liman, an gama.

Ba gaba na yi da shi ba. Muna gaisawa, ran sallah a akushi ɗaya muke cin tuwo. Amma na ɗauke ƙafata daga duk abin da ya shafi makarantar, har hanyar da ta bi ta gefenta na daina bi, sai in zagaya ta bayan kasuwa. Shi kuma bai taɓa ce mini don me ba. Halinsa ke nan, bai iya rarrashi ba kuma bai iya riƙo ba.

Wanda bai san noman kanal ba, bari in yi masa bayani. Reshen ƙasa kowace damina laka takan cika shi, ciyawar kacalla ta tsiro ta yi kauri kamar shinge. In ba a yashe shi ba kafin a saki ruwan rani, na sama su sha, na ƙasa su yi kallo. Kowane manomi yakan yashe gaban gonarsa, wannan ba sai an faɗa masa ba. To amma inda reshen ya ratsa makaranta, gaban gonar wa ke nan? Ba na kowa ba. Shi ne Yaya ya ɗauki wannan yashen ya mai da shi gayya, duk shekara, bayan an cire amfanin damina.

Gayya kuwa a wurinmu tana da ƙa'ida. Ba a aiken yaro, ba a yin shela. Mai gayya da ƙafarsa zai bi gida gida, ya yi sallama, ya zauna a zaure, ya tambayi iyali da dabbobi, sannan ya fito da goro ya miƙa. In ka karɓa, ka ɗauki alkawari. In kana da uzuri, ka faɗa nan take ka mayar masa da goronsa, babu jin haushi. Ranar aiki shi zai ciyar da jama'a, kuma shi zai fara shiga laka kafin kowa. Zumunci a ƙafa yake, in ji Hausawa, kuma Yaya da gaske ya ɗauki maganar.

Abin da ya sa sunansa ya bi makaranta shi ne, bai ga dalilin da zai sa ya tsallake ɗalibai ba. Ya ce ai su ma maƙwabta ne, ruwan a ƙofar ɗakinsu yake wucewa. Sai ya ɗauki ƙullin goronsa ya shiga ɗakunan kwanansu, ƙofa ƙofa, kamar yadda yake bin gidaje. Shekarar farko akwai wasu samari da suka zo daga Filato da Binuwai, ba su san al'adar ba, ba su ma cin goro. Suka ga dattijo ya miƙo kyauta, suka karɓa da hannu biyu suka yi godiya suka sa a aljihu. Ran Asabar da sassafe sai ga shi a ƙofarsu da shebur a kafaɗa, yana cewa su fito sun ci goronsa. Ɗayansu ya zaro goron daga aljihu ya nuna masa, ya rantse bai ko ɓare shi ba.

"Ya kwana a aljihunka ko bai kwana ba?" in ji Yaya.

Yaron ya ce ya kwana.

"To ɗauko tsohon wandonka, ɗana. Wannan na ƙafarka ba zai dawo ba."

Har aka yi shekaru ana ba sababbin ɗalibai wannan labari. Tsofaffin sukan gargaɗe su cewa in suka ga tsoho da goro su ruga, amma ba wanda ke rugawa, don bayan laka akwai tuwon shinkafa da miyar taushe daga hannun matarsa Tabawa, kuma ɗalibi da tuwon kyauta sai Allah. Makaɗa na kiɗa a bakin ruwa, malamai na naɗe ƙafar wando, manomin da bai san bihim ba yana yi wa mai digiri tsiya a kan yadda yake riƙe shebur, shi kuma yana ramawa da cewa Baba ya zo aji ran Litinin a ga ƙarfinsa. Ni daga gonata ta hanyar Madobi nake jiyo gangar. Kowace shekara Yaya yakan zo zaurena ya miƙo mini goro, kowace shekara nakan ce ina da uzuri in mayar masa. Ya mayar da shi aljihu, ya tambayi lafiyar yara, ya tashi.

Makaranta ta yi ta girma kamar ɗan maƙwabci, wanda ba ka lura da shi sai ranar da ka ji muryarsa ta buɗe. Daga horar da malaman gona ta zama kwaleji. Aka mai da tsohon sito na taki ɗakin karatu, har yau tsofaffin ɗalibai na cewa littattafan wurin warin taki suke yi. Aka gina masallaci, aka ba ɗalibai Kirista wani aji suna ibada ran Lahadi kafin su gina nasu. Daga bisani gwamnati ta ce ta zama jami'a. Ranar da labarin ya iso, Yaya ya sa babbar rigarsa ta sallah ya je ya zauna a gindin tsamiyar babanmu, ba wanda ya gayyace shi, ba wanda kuma ya iya cewa ya tashi. Ya ga bikin yaye ɗalibai na farko, ya ga 'ya'yan manoma cikin doguwar riga da hula mai tunku, iyaye sun shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin mangwaro da kwanukan waina. Bai daɗe bayan wannan ba ciwo ya kwantar da shi. Da kaka ya rasu, goron gayyar shekarar yana ƙulle a ganye cikin ɗakinsa.

Sau da yawa nakan zauna in ce, da Yaya zai leƙo yau, me zai ce? Na san abubuwan da za su faranta masa. Jami'ar har yanzu ƙarama ce, in ka tsaya a ƙofar gaba kana iya hango gonar gwaji da ke ƙarshenta, kuma ba ta da sunan da manyan jami'o'in birni suke da shi. Amma yarinyar da ubanta ba zai taɓa barin ta ta tafi Kano ko Zariya ba, yanzu daga ɗakin uwarta take fita da safe ta dawo kafin magariba. Jikarsa ta cikinsa a nan ta karanta aikin koyarwa, yau tana koyarwa a Bunkure. An ƙara sashen ilimi, da na kimiyya, da na kwamfuta. Shekarar da tsutsa ta cinye mana tumatir, yaran sashen noma ne suka bi gonaki suna nuna mana yadda ake kafa mata tarko. Irin da muke dasawa yanzu, da yawa daga lambun renonsu yake fitowa.

Na kuma san abubuwan da za su sa ya yi tsaki. Shi ya ɗauka duk wanda ya gama zai dawo gona da iliminsa. Kaɗan ne suka dawo, sauran suna birni suna neman aikin ofis, wasu suna sayar da waya. Malamai da yawa a Kano suke kwana, da la'asar ka ga motocinsu sun yi jerin gwano sun nufi titi. In aka shiga yajin aiki, gari ya yi tsit, mai shayi da mai wankin kaya su zauna suna kallon juna. Gonakin da ke kusa da ƙofa duk an yanka su an gina ɗakunan haya. Katangar da na yi masa gargaɗi a kanta ta zo, doguwa, da waya a samanta. A nan ni na yi gaskiya, amma gaskiyar da ba ta amfane ni da komai ba.

Abin da zai fi ɓata masa rai shi ne reshen ruwa. Shekarar da ya rasu, hukumar jami'a ba ta yi sakaci ba, in faɗi gaskiya. Sun sa ranar yashe, suka manna sanarwa a allo, suka aika wa dagaci, aka faɗa a masallaci. Ran Asabar ɗalibai suka fito da shebur, manoma ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Jami'a ta ce mutanen gari ba su damu ba. Mutanen gari kuwa ba ƙi suka yi ba, a wurinsu ba a kira su ba ne. Wanda aka yi wa shela ba a ba shi goro ba, wanda ba a ba goro ba bai ɗauki alkawari ba. Kowa ya zauna yana jiran wanda zai yi sallama a zaurensa, kuma kowa ya san wanda ya kamata ya yi sallamar. A kasuwa, a wurin jana'iza, sai a ce mini, "Malam Isiyaku, ina goron bana?" In ce gwiwa ce ta matsa mini. Gwiwar gaskiya ce, amma ba ita ba ce. Kunya nake ji in miƙa goron da na yi shekara da shekaru ina mayarwa, kuma ina tsoron a mayar mini.

Sau biyu ko uku jami'a ta ɗauko motar haƙa ta yashe, daga baya abin ya gagara. Kacalla ta rufe reshen, ruwa ya koma kwanciya, sauro ya addabi ɗakin 'yan mata. Mutanen wutsiya suka koma haƙa 'yan rijiyoyi da injin ban ruwa, mai hali ya sayi mai, marar hali ya bar gonarsa ya koma cin rani irin na kakanninmu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A daminar da ta wuce aka fara maganar a cike reshen da ƙasa baki ɗaya, a huta da sauro, a yi filin ajiye motoci. Waɗanda ke shugabanci yanzu ba su san Yaya ba, ba su ga liman ɗin da aka yi alkawari a gabansa ba. Ban ga laifinsu ba. Kwata suka tarar, ba ruwa ba.

Wata ranar Juma'a bayan an sauko masallaci, sai ga wata mata ta yi sallama a zaurena, ta durƙusa ta gaishe ni. Dakta Saratu ce, shugabar gonar gwaji ta jami'a, 'yar marigayi Yohanna makanikin tarakta, wanda ya zo daga Filato tun zamanin rumfar kwano ya zauna cikinmu har ya rasu. A gabanmu aka haife ta, a makarantar ta yi karatu, ta ci goron Yaya ba sau ɗaya ba. Ta ce ta tsaya a gaban majalisar jami'a ta roƙi a dakata. Sun ba ta rani ɗaya: in reshen ya gudana ya kai wutsiya, kuma aka ga akwai masu kula da shi, za a bar shi har a riƙa shayar da gonar gwaji da shi. In bai gudana ba, da damina ta faɗi za a cike shi. Na ce to ai sai ta sa a yi sanarwa.

"Baba," in ji ta, "ni ma a garin nan na girma. Ɗalibai na ɗauke maka, zan bi ɗakunansu da kaina. Amma zauren Malam Ado na wutsiya, in ba ɗan gidan Baba Haladu ba, wa zai shiga da goro?"

Na kawo maganar gwiwa. Ta ce akwai babur, za a kai ni ƙofar kowane gida, taku uku ne daga babur zuwa tabarma. Na ce to, a kawo babur ɗin.

Gidan Yaya na fara zuwa, don ba a kiran gayya sai an san tukunya. Tabawa ta tsufa, ido ya yi rauni, amma bakin nan na wasan ƙanin miji yana nan yadda na san shi. Da na faɗa mata abin da ya kawo ni, ta gyara zama ta fuskance ni. Sai ta ce, "Mai uzuri, yau uzurin ya ƙare ke nan? Ai na ɗauka sai an busa ƙaho." Ta sa aka shiga ɗaki aka jawo tukunyar ƙarfen nan ta gayya, an kife ta a bayan gado duk shekarun nan, aka fito da shebur ɗinsa, ƙotar ta yi santsi saboda hannu. Ta ce shinkafa ta gidanta ce, kada in kuskura in kawo ko ƙwaya. Da zan fita ta ƙara da cewa Yaya duk shekara yakan ware goro ɗaya mafi girma ya ce na Isiyaku ne, in na mayar, ya kawo mata ya ce ta ci, badi ma rana ce. "Haƙorana a goronka suka ƙare," in ji ta. Na yi dariya a gabanta. A kan babur ne dariyar ta koma wani abu.

Na bi gidaje. Wasu zaurukan masu su sun rasu, 'ya'yansu na tarar, sai na yi musu bayanin abin da karɓar goron ke nufi. Wasu sun mayar, da uzurinsu na gaskiya, sai a lokacin na san yadda hannu ke yin nauyi in ana mayar da shi aljihu. Na ƙarshe shi ne Malam Ado, dattijon mutanen wutsiya, wanda 'ya'yansa biyu suka bar gona suka tafi kudu saboda rashin ruwan nan. Ya bar ni da hannu a miƙe bai karɓa ba. Ya ce shekara goma sha biyu yana share zauren nan yana jiran mai goro. Na ce na sani. Ya ce albasarsa ta ƙone a fangali yana kallo, ba sau ɗaya ba. Na ce wannan ma na sani. Sannan ya karɓa, ya ɓare, ya miƙo mini rabi.

Ran Asabar ɗin da ta gabata aka yi yashen. Ba zan ce ya kai na da ba. Tsofaffin makaɗan sun mutu, wani yaro ne ya zo da lasifika. Ɗalibai rabinsu ɗaukar hoto suke yi da waya. Shugaban jami'a ya zo da takalmin roba sabo fil, ya tsaya a baki yana sa albarka, daga baya wani manomi ya miƙa masa lauje ya ce ranka ya daɗe kacallar gabanka taka ce, ya yi dariya ya karɓa. Dakta Saratu ta sa aka buga tsohon faifan garmar nan, ashe yana nan a jikin darbejiya, tsatsa ta ci shi amma muryarsa ba ta canza ba. Jama'a suka jeru a baki suka tsaya. Na ɗan jima ban gane abin da ake jira ba. Sai Malam Ado ya ce, "Mai gayya, laka na jiranka." Samari biyu suka riƙe ni ta hammata suka saukar da ni. Sanyin lakar ya kama ni har gwiwa. Ban iya ɗaga shebur ɗin Yaya fiye da sau kaɗan ba, amma na ɗaga, kuma kafin in ɗago kaina reshen ya cika da mutane.

Da aka saki ruwa, na sa aka kai ni wutsiya na zauna a bakin gonar Malam Ado. Ruwan sabon yashe ba ya zuwa da gudu. Yakan taho a hankali, jajir, yana tura tsinke da busasshen ganye a gabansa, ƙasa na shanye shi yana ƙara tahowa. Muna zaune har ya iso ya lanƙwasa ya shiga fangalin farko. Malam Ado ya ɗebo da tafin hannu ya shafa a fuska, ya ce a kira masa yaran nan na kudu a waya.

Ban sani ba ko majalisar jami'a za ta cika alkawari, ko badi za a sami wanda zai bi zauruka in ni ƙafata ta ƙi. Na dai ga wani ɗalibi ɗan garinmu yana tambayar Tabawa yadda ake ƙulla goro a ganye kada ya bushe.

In ka zagaya jami'ar nan za ka ga sunayen manya a jikin gine-gine. Babu sunan Yaya Haladu ko a jikin benci, kuma na san da an tambaye shi, cewa zai yi a sayi shebur da kuɗin fentin. Bai bar dukiya ba, bai bar rubutu ba, burinsa na ganin masu digiri a fangali ma rabinsa ne ya cika. Abin da ya bari shi ne ya shigar da makaranta cikin gari, ya ɗauke ta maƙwabciya wadda ake yi wa sallama a miƙa mata goro, ita ma ta fito ta shiga laka. Katanga ta raba mu da gonar babanmu, amma a gindin katangar akwai rami biyu, ɗaya inda ruwa ke shiga, ɗaya inda yake fita, kuma muddin ruwa na bi ta nan, maganar da ya faɗa a gaban liman ba ta faɗi ƙasa ba.

Yaya, goron da ka yi ta ware mini, na karɓa. Na makara, amma ya kwana a aljihuna. Allah ya kai haske kabarinka, ya shayar da kai kamar yadda ka so a shayar da na ƙarshen layi.